Ranar da Kaka ta sauko da irin zango saboda ni

Akwai abubuwa da yawa da na manta a rayuwata, wasu ma da gangan, amma safiyar da kakata ta sa aka sauko da damin iri daga rumbu don a dama mini kunu ba ta cikinsu, kuma ba za ta taɓa shiga ba. Ita kanta ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta. Har yau in na ji ƙarar taɓarya da sassafe sai in tuna cewa saura ƙiris gonar gidanmu ta wuce damina ba shuka, duk saboda tumbina.

Bari in ɗauko daga farko, don ni kaina ba na son a fara mini labari daga tsakiya. A Tasawa aka haife ni. Babana wake da aya yake saye yana turawa kudu, gidanmu kuma ba a taɓa kwana da yunwa ba. Ƙiba ta kama ni tun ina kolej, lokacin da na shiga lise, wato babbar sakandare, kuwa benci guda ni kaɗai ake bar wa. Kakata ta wajen uba, wadda ke zaune a wani ƙauye kusa da Kanan Bakashe, Randa take kirana, kuma da alfahari take faɗa, don a wurinta jika mai jiki shaida ce cewa ɗanta ya samu. Ni ce na san abin da ke cikin randar. Ban kai ashirin da biyar ba suga ya kama ni, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa, salla a zaune nake yi kamar tsohuwa. Ƙanwar babana, Gwaggo, wannan ciwon ne ya ci ƙafarta, aka yanke, bayan nan ya ɗauke ta gaba ɗaya. Bayan rasuwarta Baba ya ce ba zai sake zama yana kallo ba. Aka kai ni Tunis aka yi mini aikin rage tumbi, wato an cire mafi yawansa an bar ɗan siriri wanda loma kaɗan ke cika shi.

Ranar da za a sallame ni lokotoro ya zaunar da ni ya ce, "Madmazel, da farko nauyin zai zuba kamar ruwa. In kin kusa inda muke so ki kai, sai ya koma tafiyar hawainiya, wani lokaci ma ya tsaya. Kada ki tsorata, kuma kada ki rage abinci. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa." Na ce masa to, na ji. Gaskiya ban ji ba, hankalina yana kan jirgi.

Farkon kuwa haka aka yi. Daga kilo ɗari da ashirin da wani abu na dinga gangarowa, tela ya gaji da rage mini riguna, suga ya kwanta, na koma salla a tsaye. Aka ce in na kai saba'in da biyar shi ke nan. Da na iso tamanin sai abu ya ƙi. Dama na sayo wani balans na gilas daga Tunis, irin wanda ake hawa ya nuna lamba, kullum da safe ina kansa. Tamanin. Gobe tamanin. Mako ya zagayo ya rage ɗan abin da bai kai a faɗa ba, jibi ya mayar. Na canza masa kusurwa a ɗaki, na cire 'yan kunne kafin in hau, na hau da ƙafa ɗaya. Ni mutum ce da ko layin famfo ba na iya tsayawa, sai ga ni ina jiran kilo biyar kamar mai jiran ruwan sama. Har na fara shawara da zuciyata in daina cin abincin rana gaba ɗaya.

Wannan duk a shekarar da soja suka karɓi mulki a Yamai ne, bayan daminar da ta yi gardama. Hatsi ya yi wuya a kasuwa, a rediyo ma aka fara faɗin kalmar yunwa a fili. Shi ya sa Mama ta kafa doka: ba wanda zai san abin da aka yi mini, musamman a ƙauye. Ta ce, "Kina so a ce Alhaji ya hau da ɗiyarsa jirgi an yanke mata ciki, a shekarar da mutane ke dafa ganye su kwanta? An ce wa mutane gwiwa aka je dubawa, ki bar shi a gwiwa." Na ce ni ban ga abin ɓoyo ba, ba sata na yi ba. Ta ce bakina ne zai kashe ni wata rana. Na bi dokarta don uwa ce.

Kaka ba ta gan ni ba tun kafin tafiyar, tana ta aiko saƙo a turo mata Randarta. Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa ta gabas, Baba ya haɗa ni da buhunan masara in kai mata. A da hatsi, wato gero, yake aikawa, a wannan shekarar masara ce ta samu. Mota ta kai ni Mayahi, daga nan Kanan Bakashe, daga nan ƙanen babana, Baffa, wanda shi ke noma gonar gida, ya ɗauke ni a amalanke. Balans ɗina yana cikin jaka, na naɗe shi da zane kamar jariri.

Na yi zaton Kaka za ta tarbe ni da tsiya kamar yadda muka saba. Ta dai dube ni tun daga sama har ƙasa ta ce, "Ina Randata?"

Na ce, "Ga ta gabanki, tsohuwa, ko idon ya tafi ne?"

"Wagga buta ce," in ji ta, amma ba ta yi dariya ba. Ta kama fatar damtsena da ta saki ta ja, ta ture ɗankwalina ta shafa gefen kaina inda gashi ya zube. Da aka kawo tuwon masara da miyar kuka na yi loma kaɗan na wanke hannu, don iyakar abin da cikina ke ɗauka ke nan. Ta bi hannuna da kallo har na gama wankewa.

"Ubanki lahiya? Kasuwa fa?"

"Lafiya lau, Kaka."

Ta juya ta kalli buhunan masara da ke jingine, ta ce, "To." Ni ban ga komai a wannan to ɗin ba. Sai daga baya na gane abin da idonta ya gani. Kaka ta ga babbar yunwa tana da goyo, ta binne ɗa a wannan yunwar. A saninta, wanda fatarsa ta saki, gashinsa na zuba, aka ajiye masa tuwo ya kasa wuce loma kaɗan, to mutum ne da ya daɗe bai ƙoshi ba har cikinsa ya tsuke. Ta ga irinsu da yawa, kuma ba ta taɓa ganin wani dalili na daban ba. Ga ɗanta ya aiko masara maimakon hatsi. Ita a ranta lissafi ya cika.

Washegari da sassafe na shimfiɗa balans a kan daɓen ɗaki na hau. Tamanin. Na zage shi, na zagi wanda ya ƙera shi, na sauka na sake hawa. Ina cikin haka na ji taɓarya a tsakar gida, na ce bari in fita kafin in fasa gilas ɗin nan.

Abin da na fara gani Baffa ne, tsaye a gindin rumbu, hannuwansa a baya, yana kallon ƙasa. Matarsa tana bakin turmi. A kan tabarma ga ƙwarya cike da tsaba, gefe kuma ga tarin sosshiya dogaye, wato kawunan hatsin da aka riga aka sussuke, wasu sun kai tsawon hannuna. Ko ni 'yar birni na san wannan. Zango ne, irin gidanmu mai dogon kai, wanda Kaka da kanta ke zaɓa zangarniya-zangarniya lokacin girbi, a ɗaure daban, a ɗora can saman rumbu. Tun zamanin kakan babana ake shuka shi. Ba a taɓa iri. A babbar yunwa ma, an ce kakana a bakin rumbu yake kwana da sanda saboda shi. Kuma a wannan shekarar, ban da wannan damin babu ƙwayar hatsi a rumbun.

Na ce, "Baffa, me ake yi haka?"

Bai ɗago ba. "Tambayi uwata."

Kaka na zaune a kan kujerar tsugunno. Ta ce, "Koma ki kwanta, kunu ake maki."

"Da iri?"

"Da hatsi."

"Kaka, zango ne wannan. Ga masara can buhu-buhu."

"Masara ba ta tada wanda yunwa ta kayar. Ni na sani, ke ba ki sani ba."

Ga wanda bai san aikin hatsi ba: sussuka ba ta kashe iri, raba tsaba da kai kawai take yi, ana iya shukawa. Surfe ne ke kashe shi. In aka yayyafa ruwa aka daka har dusa ta fita, ya zama abinci, ko malamin duniya ya tofa masa addu'a ba zai tsira ba. Turmi ɗaya an riga an surfe, ga shi can jiƙe a ƙwarya. An zuba na biyu, matar Baffa ta ɗauko ruwa za ta yayyafa. Kaka kuma ta ce a surfe duka, don wata guda take nufin riƙe ni tana ba ni kunu.

Ban san lokacin da na isa turmin ba. Na riƙe hannun matar Baffa na ce, "Inna, ajiye ruwan nan." Ta dubi Kaka, ta dubi mijinta, ta tsaya da ƙoƙo a hannu, don surukarta ce ta sa ta.

Kaka ta ce, "Sake ta. Ubanki ya karye, kunya ta hana shi hwaɗa mani. Ni na haihe shi, na san halinshi. Ya tattara abin da ya rage ya aiko mani, ku kuna can kuna kwana da ruwa. Dube ki. Na binne guda don yunwa, ba ni binne jika ina da hatsi bisa rumbu."

Baffa ya ce a hankali, "Na gaya maki jiya, na ga motarshi na lodin wake ran kasuwa."

"Kai yi mani shiru. Da wa za ya nuna ma ya karye?"

Maganar Mama ta faɗo mini a rai, na ce to, Mama ta hana, amma Mama ba ta ga turmin nan ba. Na ce wa matar Baffa kada ta kuskura ta zuba ruwan sai mun fito, na kama hannun Kaka na ja ta ɗaki. Na ɗaga rigata na nuna mata tabon aikin, na gaya mata komai, ban rage ba ban yi kwana-kwana ba.

Ta sunkuya ta duba 'yan tabon, ta taɓa da yatsa. "Wanga ai tabon ƙaho ne. Wanzamin garin nan ma ya fi haka yanka. Ta wagga 'yar ƙofa anka fiddo tumbi? Ke ɗiyar nan, ki ji tsoron Allah, kar ki rufa ma ubanki asiri da ƙarya."

Na rantse, ba ta yarda ba. Na nuna mata magungunan da nake sha, ta ce mai yunwa ma ana ba shi magani. Raina ya fara ɓaci, ga shi ina jin matar Baffa tana gyara tsayuwa a waje. Sai idonta ya sauka a kan balans.

"Minene wancan da kike ma ashar tun asuba? Na ji ki ta bango."

Na hau na nuna mata lambar. Na ce abin auna nauyi ne, saura kilo biyar in kai inda lokotoro ya ce, kuma ya fi wata guda ya ƙi motsi, shi ne abin da ke ci mini rai.

"Ya ƙi motsi zuwa sama?"

"Zuwa ƙasa, Kaka. So nake in ƙara raguwa."

Ta daɗe tana kallon fuskata. Ina ganin lokacin da maganar ta shige ta. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Lalle ubanki bai karye ba. Wanda yunwa ta kama bai yawo da abin auna rama cikin jaka. Wagga hauka ta masu ƙoshi ce." Ta ɗaga murya ta ce wa matar Baffa ta zubar da ruwan, a juye tsabar cikin tulu a rufe. Ta ƙofa na hango Baffa, ya zauna a ƙasa inda yake tsaye ya share fuska da hularsa.

Na ɗauka an gama, ashe yanzu ta fara. Ta ce, "Mutane na neman abin sa ma ciki, ku kun hau jirgi kun tahi a rage cikin. Allah ya ba ki jiki kin kai an yanke."

Ni kuma ba a faɗa mini magana in haɗiye. Na ce, "Jikin nan da kike yabo shi ya ci ƙafar Gwaggo. Kina nan aka kawo ta da ƙafa ɗaya. Ciwonta ne a jikina, Kaka, kuma ni da ƙafafuna biyu nake so a binne ni. Ba kwalliya na je yi ba."

Na san na taɓa wurin da ke ciwo, kuma har yau ban ce da ban faɗa ba. Ta murza bakin zanenta. Can ta ce, "Yanzu sugan?" Na ce ya kwanta. "Salla?" Na ce a tsaye. Ta gyaɗa kai.

"To mi ya rage kike zagin gilas? A babbar yunwa, watannin farko mun zube kamar ganyen bazara. Daga baya jiki ya riƙe abin da ya rage, ya ƙi saki. Da ya saki da ba ki gan ni ba. Ke kin hana shi abinci wata da watanni, ya ba ki duk abin da ke ƙasan rumbu, yanzu kin kai hannu ga na sama kina mamaki ya riƙe."

Abin da lokotoro ya faɗa mini da Faransanci ke nan na ƙi ji. Su biyun ba su taɓa haɗuwa ba, kuma da sun haɗu faɗa za su yi, amma a wannan gaɓar bakinsu ɗaya. Ni dai da na leƙa na ga Baffa rungume da tulun iri kamar za a ƙwace masa, sai na daina jin haushin jikina. Shi jikin bai san Tunis ba, bai san lokotoro ba. Ya ga abinci ya ragu, ya ɗauka fari ne, ya yi abin da kowane manomi mai hankali zai yi.

Turmin da aka riga aka surfe kuwa, ba a zubar da iri. Aka dama kunu da nonon akuya, Kaka ta sa ni gaba da ƙaramin ludayi, in sha kaɗan in huta, an jima ta sake miƙo mini. Na ce na ƙoshi, ta ce, "Gonar ubanki kike sha, shanye." Kwana uku ina kan kunun nan. Ranar da zan tafi ta ɗauke balans ta ba Baffa ya ɗora saman rumbu, inda damin iri yake a da. Ta ce in zo in karɓa lokacin girbi. Na yi ƙorafi, amma na bar mata, don da ban ga dama ba da na hau na sauko da abina.

Mama ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Baba kuwa da ya ji uwarsa ta ɗauka ya karye, ya rasa ko dariya zai yi ko kuka, washegari ya kama hanyar ƙauye. Ya nemo iri a kasuwa don cike gurbin wanda na shanye, amma ba zango ba ne, wani gajere ne da ba a san asalinsa ba. Ruwa ya sauka ba da daɗewa ba, aka yi shuka.

Watannin nan ban hau ma'auni ba ko sau ɗaya. Na ci ƙwai, na ci wake, na sha nono, kaɗan-kaɗan sau da yawa, ina zagaya unguwa da ƙafa bayan la'asar. Da girbi ya zo na koma. Baffa ya kai ni gona, zango ya fi ni tsawo ko'ina, kawuna sun sunkuya, sai can gefen yamma wani ɗan yanki da hatsinsa bai wuce kafaɗata ba. Ya ce Kaka ta sa masa suna wurin Randa. Aka sauko mini da balans duk ƙura, na goge na hau a tsakar gida, Kaka na tsaye a kaina kamar ta iya karanta lamba. Uku daga cikin biyar ɗin sun tafi ban san ranar da suka tafi ba.

"Saura nawa?" in ji ta.

"Biyu."

"Bar ma jiki. Irinshi ne."

Na bar masa, kuma suna nan har yau. Sugana lafiya, ƙafafuna biyu, har yanzu ba na iya tsayawa a layi. Amma na koyi abu guda a bakin turmin nan: in ka kusa kaiwa tafiya ta yi nauyi, ba lalacewa ta yi ba, jiki ne ke riƙe na saman rumbu, kuma wanda ya matsa sai ya ƙwace shi da yunwa, shukar gobe yake dakawa.